Yadda za ka nemi tallafin gyara shagon da ya daɗe a rufe

Duk mai bin titunan Garwa da ƙafa ya san su. Shaguna ne a jere bakin titi, ƙofofin sun yi tsatsa, kwado ya maƙale, wani har darbejiya ta tsiro a gindin dakalinsa. Can gefe kuma ga tela yana ɗinki a zauren gidansu, ga mai gyaran waya a ƙarƙashin lema, ga mai kayan miya tana kwashe tirenta duk sanda hadari ya taso. Waɗannan suna neman ɗaki, ɗakunan suna neman mutane, abin da ya shiga tsakani kuɗin kwano ne da siminti da ƙofa. Ni aikina rubuta wa 'yan kasuwa takardu, wasiƙar neman tallafi da lissafin jari da yarjejeniyar haya, kuma tambayar da ta fi zuwa kan teburina ita ce, "Malam, ina ake samun kuɗin gyaran shago?"

Da yawa daga masu tambayar labarin Turai suka ji a rediyo ko a waya, kuma labarin gaskiya ne. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 675 don farfaɗo da manyan titunan kasuwanci na garuruwan Ingila, daga Disamban 2024 kuma ƙananan hukumominsu suka samu ikon sa hayar shagon da ya wuce shekara a rufe a gwanjo, ko mai shi bai so ba. Faransa ma a 2018 ta fara wani shiri na raya tsakiyar garuruwa 222. A nan Kamaru kuɗin da wasu sunaye yake zuwa: sama wa matasa aikin yi, tallafa wa ƙananan sana'o'i, taimakon mata, gina kasuwannin ƙananan hukumomi. Wanda ya shiga ofis yana cewa a ba shi kuɗin gyaran shago zai fito hannu rabbana. Wanda ya shiga da sana'a a hannu, ya nuna cewa shagon ne ya rage mata ta tsaya da ƙafarta, shi ake saurara.

Kafin mu kai ga ofisoshin, akwai magana ɗaya da nake so ta zauna maka. Bangon nan ba naka ba ne. Duk buhun simintin da ka zuba a ciki, na aljihunka ne ko na tallafi, ya zama na mai gini ran da ya bushe, sai fa idan akwai takardar da ta ce ba haka ba. Saboda haka neman tallafi daga gidan mai shago yake farawa.

Fara da mai shagon

Ka san wane ne shi tukuna. Wanda ke riƙe da makulli ba lallai shi ne mai shago ba. Ka tambayi maƙwabtan shagon, ka je wurin jauro ko lawan na unguwar, za su faɗa maka tarihinsa. Da yawa daga shagunan da ke rufe a tsofaffin unguwanni na gado ne da ba a raba ba, kuma shi ya sa ma suke rufe: babu wanda zai sa kuɗinsa ya gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba. In haka ne, sa hannun ɗa ɗaya bai wadatar ba. Ko dai magada duka su sa hannu, ko su wakilta ɗaya a rubuce. In kuwa shagon cikin kasuwa yake, mai yiwuwa na hukumar gari ne, wanda kake magana da shi ɗan haya ne kamarka. A wannan hali sai ka je meri, wato ofishin magajin gari, ka ga sunan wa ke cikin littafi, da ko akwai bashin haya a kansa.

Ka kuma tambayi abin da ya rufe shi. In rufi ne ya zube, ko tsohon ɗan haya ya karye lokacin da cinikin kan iyaka da Najeriya ya tsaya saboda rikicin Boko Haram, wannan kuɗi na gyara shi. In kuwa ruwa ne ke kwanciya a wurin duk watan Agusta, ko an mai da tashar mota wani wuri masu wucewa suka ƙaura, fenti ba zai dawo da su ba. Ka zauna a bakin shagon da safe, da azahar, da bayan magariba, ka ga su wa ke wucewa da abin da ke hannunsu.

Na taɓa raka wata tela wurin wani dattijo mai shaguna a Yelwa. Muka same shi a zaure bisa buzu, aka gaisa, aka kawo ruwa. Ta ce, "Baba, in na gyara, shekara nawa zan zauna?" Ya ce, "Haba 'yata, ki zauna har ki gaji, mu ba ma korar mutane." Na san har zuciyarsa yake faɗa. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba maganarka muke shakka ba. Masu ba da kuɗin ne ba sa karɓar magana sai takarda. Sannan rai da ajali, gobe 'ya'yanka ne za su zauna da ita, su kuwa ba su ji wannan zance ba." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Ai Allah ma ya ce a rubuta." Ayar bashi yake nufi, ta 282 a Suratul Baƙara. Ya aika aka kira babban ɗansa, aka rubuta a gabansa. Yawancin dattawanmu haka suke. Ba takardar suke ƙi ba, abin da ba sa so shi ne a nuna musu ba a yarda da su ba, don haka ka kula da yadda za ka shigar da maganar.

Doka tana bayanka fiye da yadda kake zato. Kamaru da Cadi da Nijar duk suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar kasuwancinta da aka sabunta a 2010 ta yi bayanin hayar wurin sana'a dalla-dalla. Sashe na 106 ya ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gini: manyan bangaye, ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, rufin kansa, katanga, ramin masai. Kai ɗan haya ƙananan gyare-gyaren yau da kullum ne naka. Sashe na 123 ya ce in ka yi shekara biyu kana sana'ar da aka yi yarjejeniya a kanta a wurin, ka samu haƙƙin a sabunta maka haya, kuma sabuntawar ba ta gaza shekara uku. In aka sayar da ginin, ko mai shi ya rasu, hayarka ba ta mutu ba. Sashe na 131 kuma ya ce ɗan hayan da ba a sabunta masa ba yana iya neman a biya shi abin da ya gina ko ya gyara, amma wanda ya yi da izinin mai gini. Nan ne mutane ke faɗuwa. Izinin baki, ran da aka je gaban alƙali, kowa sai ya tuna shi yadda ya ga dama. Mai gyara ba takarda kamar mai zuba taki ne a gonar aro, shekarar da ta yi kyau ita ce shekarar da za a karɓe ta.

To me za a rubuta? Tsawon hayar da farko. A ganina in gyaran ƙarami ne kada ka yarda da ƙasa da shekara uku, in kuwa za ka taɓa rufi, ka nemi biyar. Sai kuɗin haya, da sharaɗin cewa ba za a ƙara ba har wa'adin ya cika, domin abin da ya fi faruwa ba kora ba ne, ƙari ne: shago ya yi kyau, sai a ce ai yanzu darajarsa ta ƙaru. Sai jerin ayyukan da mai gini ya yarda ka yi, ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin kowanne. Sai yadda za a cire abin da ka kashe a kan aikin da yake nasa ne daga kuɗin haya, wata nawa, nawa a kowane wata. Sai abin da za ka ɗauka ran da za ka tashi, kamar kanta da fanka da allon suna, da abin da za ka bari. Kada ka manta da mita. In akwai bashin wuta ko na ruwa na wanda ya tashi, a rubuta wa zai biya kafin ka karɓi makulli. Ku shiga shagon tare, ku ɗauki hoton kowace kusurwa, a rubuta halin da kuka same shi ku sa hannu. Daga nan a kai yarjejeniyar ofishin haraji a yi mata rajista. Akwai kuɗin da ake biya gwargwadon hayar, mutane suna gudunsa, amma hatimin nan shi ke tabbatar da ranar da aka yi ta, kuma masu duba dosiye, wato takardun neman tallafinka, shi suke fara nema.

In mai shago ya ƙi rubutawa bayan ka bi duk hanyar girmamawa, ka yi masa godiya ka nemi wani. Rufaffun shaguna ba su ƙare ba.

Lissafin gyara

Kada ka rubuta adadi daga kanka. Ka kawo magini da kafinta da mai walda da mai wayarin su gani da idonsu, kowa ya rubuta maka devi, wato lissafin kayan da za a saya da kuɗin aiki, a ware wannan daga wancan, da kwanan wata da lambar wayarsa. Ka samo daga mutum biyu ko uku a kowane aiki. Ba don ka ɗauki mafi araha ba. Don ka gane wanda ya manta wani abu ne, saboda wanda ya manta ƙusa da rodi a takarda zai tuna da su a tsakiyar aiki.

Rufi ne farko. Ka sa kafinta ya hau ya ƙwanƙwasa katakon da ke ƙarƙashin kwano, don shagon da ya daɗe a rufe gara ta riga ka shiga, katako yana nan a tsaye amma cikinsa gari. Bayan rufi sai ƙofa, ta ƙarfe, mai wurin kwado biyu. Sai wayar wuta: ka cire tsohuwar gaba ɗaya, ɓera ya ci ta, kuma gobarar kasuwa sau da yawa daga nan take tashi. Sai daɓe, a ɗaga shi ya fi titi tsawo. Sai silin da ƙaramar taga ta sama a bangon baya. Wasu na ganin wannan ado ne, amma wanda ya zauna ƙarƙashin kwano tsirara a Garwa cikin Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san mai saye ba ya tsayawa ciniki a irin wannan ɗaki, magani da kayan kwalliya kuma lalacewa suke. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi za ka rage in kuɗi ya gaza.

In za ka fasa bango, ko ka ƙara ɗaki, ko ka fito da rumfa gaba, ka fara zuwa sashen gine-gine na meri. Dokar tsara birane ta 2004 ta sa sai da izini ake irin wannan aiki, kuma rumfar da ta ci gefen titi ranar rusau ba a tambayar kuɗin wa aka yi ta da shi.

Yanzu ka raba lissafin gida uku, don a nan dabarar take. Kashi na farko aikin mai gini, wanda za a cire daga haya. Na biyu ƙananan gyare-gyaren da za su zauna a bango, kamar daɓe da wayarin da fenti. Na uku kayan aiki masu ɗaukuwa: keken ɗinki, firji, kanta, sikeli, injin. Masu ba da tallafi sun fi sakin hannu a kashi na uku, domin abu ne da za su zo su gani, su ɗauki hotonsa, kuma ba ya zama mallakin wani in ka tashi. A ce duka aikin ya kama sefa miliyan 1 da dubu 200. Rufi da ƙofa sun ci dubu 500, ka shirya da mai gini a cire a haya, ko ya sa rabi ka sa rabi. Daɓe da wuta da fenti dubu 300, ka fitar daga adashinka. Abin da za ka nema a waje ya koma dubu 400 na kayan aiki. Wanda ya nemi dubu 400 yana nuna inda sauran ya fito ya fi kusa da samu a kan wanda ya nemi miliyan 1 da dubu 200 bai kawo ko dala ba.

Takardunka

Katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba. Lambar mai biyan haraji, NIU, wadda yanzu kusan ba abin da ake yi a banki ko ofis ba tare da ita ba. Shaidar cewa sana'arka tana da rajista. Ga ƙaramin ɗan kasuwa dokar OHADA ta tanadi matsayi mai sauƙi wanda sanarwa kawai ake yi a ofishin rajistar kotu, mai son kafa kamfani sosai kuma ya je CFCE, ofishin da ya tattara matakan wuri ɗaya da alƙawarin gamawa cikin awa 72, akwai shi a Garwa da Marwa da Ngaundare. Masu sana'ar hannu, teloli da maƙera da dukawa da kafintoci, su yi rajista a littafin masu sana'a na ƙaramar hukumarsu a watannin farkon shekara. Sai zanen kwatancen inda shagon yake, da asusu a banki ko a ƙaramin bankin da ke da lasisi, da rasidan harajin da ka biya.

Akwai kuma abin da ba ofis ke bayarwa ba, littafin cinikinka. Ka sayi littafin makaranta yau, ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana, da boko ko da ajami. Littafin wata shida da ya sha maiƙo da ƙura ya fi duk wani lissafin kwamfuta ƙarfi a gaban mai bincike.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Duk inda ka shiga, tambayarka ta farko ita ce, kyauta ce ko bashi? In bashi ne, wata nawa, da ruwa ko babu, me ake jinginarwa, yaushe ake fara biya? Mutane suna jin an ce kuɗin gwamnati sai su ɗauka rabo ne. Yawancin shirye-shiryen nan rance ne mai sauƙi, wasu kuma ana haɗa rance da kyauta. Mai gudun riba ya ji sharuɗɗan sarai, ya kai wa malaminsa kafin ya sa hannu, ya kuma tambayi bankunan da suka buɗe sashen mu'amala irin ta Musulunci.

In shekarunka tsakanin 15 da 35 ne, ka fara da ofishin ma'aikatar matasa na gundumarka da cibiyar matasa da ke ƙarƙashinta. A nan ake rajistar shiga shirye-shirye irin su PAJER-U da shirin musamman na matasa wanda Shugaba Paul Biya ya sanar a Fabrairun 2016 da kuɗi sefa biliyan 102. Sukan sa a yi horo kafin a ba da komai, kuma sau da yawa kayan aiki ake saya maka maimakon a damƙa maka kuɗi. Wanda ya wuce wannan shekaru yana da PIAASI na ma'aikatar samar da aikin yi, wanda aka yi don masu ƙananan sana'o'in da ba su da rajista, da FNE, asusun samar da aikin yi na ƙasa da aka kafa a 1990. Mata su leƙa cibiyar mata da iyali ta garinsu. Hukumar APME mai bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wadda aka kafa a 2013, ta fi ƙarfi wajen shawara da horo da gyara maka tsarin kasuwanci, bankin ƙanana da matsakaitan sana'o'i na BC-PME kuma rance yake bayarwa ga wanda ya riga ya ɗan yi ƙarfi.

Ƙofar da na fi ba muhimmanci, kuma wadda 'yan kasuwarmu suka fi sakaci da ita, ita ce ƙaramar hukuma. A ƙarƙashin dokar raba iko ta Disamban 2019 ayyuka da kuɗaɗe da dama sun sauko hannun magadan gari, ciki har da ɗan tallafin da ma'aikatar ƙananan masana'antu ke turowa don ƙananan ayyuka masu kawo kuɗin shiga. Irin wannan shi ya fi kama da kyauta, amma ƙungiya ake ba, ba mutum ɗaya ba. Shi ya sa nake ce wa masu son shaguna a layi ɗaya su haɗu. GIC, wato ƙungiyar masu haɗa kai a kan sana'a wadda dokar 1992 ta tanada, ko ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa ta tsarin OHADA, mutum biyar sun isa kafa ta. Teloli biyar da suka zo da yarjejeniyar shaguna biyar a jere, da devi ɗaya, da asusu ɗaya, magana ce da kansila zai iya tashi da ita a zaman majalisa. Garwa tana da ƙananan hukumomi uku da kuma hukumar birni a samansu, don haka ka fara gano wadda shagon ke ƙarƙashinta.

In shagunan na hukumar ne da kanta, hanyar ta bambanta. Ba kai za ka nemo kuɗin ba, ita za ta nema, aikinku shi ne ku matsa. FEICOM, asusun da aka kafa a 1974 don ba ƙananan hukumomi kuɗin ayyuka, yana ɗaukar nauyin kasuwanni da shaguna. Shirin C2D na Kamaru da Faransa ma ya zuba kuɗi a kasuwanni da titunan Garwa tare da Bafusam da Bertuwa, daga baya aka shigar da Marwa da Bamenda. Duk waɗannan suna bin abin da ke rubuce a kundin tsarin ci gaban ƙaramar hukuma da kasafinta. Kasafin shekara mai zuwa a ƙarshen wannan shekarar ake zartar da shi, don haka wasiƙar da ta isa a Janairu ta makara. Ku kai ta tun cikin damina, da sa hannun 'yan kasuwa, da hotunan shagunan, da lissafin hayar da hukuma ke asara duk wata saboda suna rufe. Wannan lissafin shi ke sa magajin gari ya gyara zama. Wani lokaci kuma ana shiryawa ɗan kasuwa ya gyara shagon hukuma da kuɗinsa a yafe masa haya na wasu shekaru. Yana da kyau, amma kada ka yarda da shi sai da takarda mai hatimi da amincewar majalisa, domin magajin gari yana sauyawa.

'Yan uwa na Kusiri da Mora da garuruwan kan iyaka suna da ƙarin ƙofa, ta ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu aikin farfaɗo da yankin Tafkin Cadi. Su ma ta hannun hukumomi da sarakuna suke zaɓen masu amfana, don haka sunanka ya kasance a rajistar meri.

Wata ƙofa kuma ka guje ta. Duk saƙon WhatsApp ko Facebook da ya ce an zaɓe ka, ka tura kuɗin buɗe dosiye ta Orange Money ko MoMo, damfara ce. Haka duk wanda ya tare ka a bakin ofis ya ce ya san mutum a ciki, ka ba shi kaso. Abin da ake biya na hukuma yana da rasidi da hatimi.

Rubuta buƙatar

Da Faransanci za a rubuta, in ba ka iya ba ka sami wanda zai rubuta, amma ka sa ya karanta maka ya fassara layi bayan layi. Ranar da aka kira ka ganawa kai za a tambaya, ba shi ba, kuma na ga dosiye masu kyau sun faɗi don mai su bai san adadin da ke shafi na biyu ba.

Shafi biyu ko uku sun isa. Wane ne kai, wace sana'a, tun yaushe. Ina shagon yake, tun yaushe yake rufe, su wa ke wucewa ta gabansa. Nawa kake samu yanzu, nawa kake sa ran samu in ka shiga, kuma me ya sa. Mutum nawa za su ci abinci a ciki, har da yaran da za ka koya wa sana'a, kada ka ƙara ko ɗaya a kan gaskiya don za a zo a ƙirga. Sai lissafin nan mai gida uku, da abin da ka riga ka tanada. In rance ne, ka nuna yadda za ka biya har a watannin da kasuwa ke sanyi. Cinikin arewa yana bin kaka da kuɗin auduga da sallah, mai duba takarda ya san haka, in ya ga ka rubuta ciniki iri ɗaya wata goma sha biyu zai gane ba daga littafi ka ɗauko ba. Ka liƙa yarjejeniyar haya, da devi, da hotuna, da kwafin takardunka.

Ka yi kwafi biyu. Ran da ka kai, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ka riƙa leƙawa cikin ladabi lokaci zuwa lokaci, ka san sunan ofishin da takardar ta kwana. Abin yana ɗaukar watanni, wani lokaci ya zarce shekara, kuma ba kowa ke samu ba. Don haka kada ka karɓi makulli haya ta fara gudu kana jiran tallafi. Ka roƙi mai gini a rubuta cewa haya za ta fara ne ran da aka gama gyara, ko ka tsara yadda za ka buɗe da abin da ke hannunka, tallafi in ya zo ya tarar da kai kana aiki. Amma ka tambaya tun farko ko shirin yana biyan abin da aka riga aka saya, domin da yawa ba sa biya.

In kuɗin ya fito

Ka kashe shi a kan abin da ka rubuta. Biki zai taso, rashin lafiya za ta zo, ɗan uwa zai zo da buƙata, kuma duk sun ji labari. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kuɗin kada ya kwana a gida: daga asusu zuwa mai sayar da kaya, da faktir, wato rasidin saye, mai suna da hatimi. Magini kada ka biya shi duka a farko, ka raba uku, na ƙarshe sai ka duba aiki. Aikin rufi da siminti a yi shi tsakanin Nuwamba da Afrilu kafin ruwa ya sauka, kuma ka sa a riƙa shayar da daɓe da ruwa safe da yamma na kwanaki, don iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, sai ya tsage. Ka ɗauki hoto kafin aiki, da tsakiyarsa, da bayansa, ka ajiye tare da rasidai a jaka ɗaya. Masu tallafi za su nema, mai gini ma sai ka nuna masa ya sa hannu cewa an yi aikin da aka ce, a fara cirewa daga haya.

Sannan ka duba ranar da yarjejeniyarka za ta ƙare, ka ja baya wata uku, ka rubuta wannan rana a bangon littafin cinikinka. Dokar OHADA ta ce mai hayar da ke da wa'adi dole ya nemi sabuntawa aƙalla wata uku kafin ƙarshenta, ta hannun ma'aikacin kotu mai isar da takarda ko ta wata hanyar da za ta nuna mai gini ya karɓa. In ranar ta wuce ba ka nema ba, haƙƙin sabuntawar ya faɗi.